Hannun Hagu a Shafin Farko

Jaridar ta iso Madarumfa da hantsi, ɗaure a bayan moton ɗan kabu-kabu, kuma Zuwaira ce ta yanke igiyar da kanta. Wurin mai shayi na bakin tasha aka saba sauke ta, amma yau ta tare ɗan kabu-kabun a ƙofar shagonta, don ba ta son wani ido ya riga nata. Ta zari kaɗan, shi kuma ya wuce da sauran tasha.

Kakakin Gulbi jarida ce ta mako-mako da ake bugawa a Maraɗi, rabi Faransanci rabi Hausa. Masu rubutu su rubuta, mai hoto ya ɗauka, sai a turo wa Zuwaira komai a hargitse, ita kuma ta zauna gaban ordinater, wato kwamfuta, a ɗan shagonta ta tsara shafi: nan kanun labari, nan hoto, nan talla. A Yamai ta koyo aikin. Da ta dawo gida mutanen gari sun daɗe ba su gane abin da take yi ba, wasu har yau cewa suke yi tana buga katin biki. Tana bugawa ɗin kuwa, amma jaridar ce abin alfaharinta, kuma ta wannan makon ta fi kowace, domin mahaifinta ne a shafin farko.

Malam Sa'idu masunci ne tun tasowarsa. Da wansa ya rasu, dattawan masunta suka zaɓe shi Sarkin Ruwa, aka yi naɗin makon jiya a cikin zauren gidansu, ba taro, mutane kaɗan. Ga shi nan a hoton, da hula kafin a naɗa masa rawani, yana karɓar mashin kifi na gado daga hannun Malam Zakari, tsohon da ya fi kowa shekaru a bakin tafki. Hoton ya fito fes. Zuwaira ta tsaya tana kallo kamar ba ita ta tsara ba, daɗi ya cika mata ciki.

Bilkisu mai suyar kifi, wadda rumfarta ke jikin shagon, ta leƙo tana goge hannu a zane.

“Mu gani, mu ga Sarki.” Ta karɓa ta ƙura ido, sai ta yi 'yar dariya. “Ashe wurinshi kika gado. Ban san Baba ma bahago ne ba.”

“Wane irin bahago?”

“To ga shi da hagu ya amshi mashin.”

Zuwaira ta fizge jaridar. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta lalubi kujera ta zauna. Ba ta bukatar a gaya mata yadda aka yi, ita ta yi shi da hannunta.

A makarantar da ta yi akwai wata doka da malaminsu ke maimaitawa har ta zauna musu a kai: mutumin da ke cikin hoto ya kalli cikin shafi, kada ya kalli waje, don idon mai karatu bin idonsa yake yi. Shekaranjiya da la'asar ta ɗora hoton naɗin a gefen dama na shafin, sai ta ga mahaifinta ya ba labarin baya, yana kallon bakin takarda kamar mai shirin fita. Maɓalli ɗaya ne, ta danna, hoton ya juya, dama ta koma hagu, Baba ya fuskanci labarinsa. Ta ma bi ka'ida, ta duba ko akwai rubutu a bango ko lambar mota da za ta fito a birkice, babu. Hannu ne kaɗai ba ta duba ba. Ina za ta duba? Ita bahaguwa ce, da hagu take riƙe linzamin ordinater, da hagu take zane. An sha dukan hannun nan da ludayi tana yarinya har ta koyi ci da miƙa abu da dama, amma idonta bai taɓa koyo ba, in ya ga hagu a miƙe daidai yake gani. Garin gyaran gira ke nan aka rasa ido.

Ko a kasuwa ka miƙa wa mutum abu da hagu sai ya dube ka, balle mashin sarauta. Masuntan tafkin nan kuwa suna da tasu magana, cewa wanda ya karɓi mashi da hagu ya raina ruwa, kuma ba a bin bayan wanda ya raina ruwa. Yau ce ranar buɗe su, wato fara kamun kifi a tafkin. Bayan azahar sabon Sarkin Ruwa zai shiga gaba da mashinsa, kwale-kwale su bi shi. In suka bi shi, sarauta ta zauna. In suka tsaya a gaɓa suna kallonsa, to rawanin nan ya zama ƙyalle.

Kuma akwai mai jiran haka. Alhassan, ɗan marigayi Sarkin Ruwa, ya so gadon ubansa, dattawa suka ce ƙanen uba na nan da rai. Ya ƙi zuwa naɗin, tun ranar yake zagaye a bakin ruwa yana neman abin kamawa. Mai neman kuka ne, ita kuma ta jefe shi da kashin awaki.

Ta fita da gudu zuwa wurin mai shayi, ko ta kwashe sauran kafin su bazu. Mai shayin ya ce mata ai ta makara, Alhassan ya aiko an saye rabi, an yi bakin tafki da su.

Ta koma shago ta kira Mansur, daraktan jaridar. Rezo, wato layin waya, na yankewa, sai da ta fito ta tsaya a rana kafin muryarsa ta fito sosai. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

Ya ce, “To, an yi kuskure. Mako mai zuwa mu sa 'yar gyara a shahi na ciki.”

“Darakta, yau za a shiga ruwa. Mako mai zuwa ba ya da amhwani.”

“Mi kike so ki yi?”

“In tahi in hwaɗa masu ni na juya shi.”

“Kul.” Muryarsa ta canza. “Ki tsaya gaban jama'a ki ce Kakakin Gulbi na juya hoton mutane? Gobe duk wanda munka buga yana abin kunya sai ya ce juya shi anka yi. Mutane sun yarda da mu don sun ɗauka abin da ido ya gani muke bugawa. In kika buɗe baki, Zuwaira, ki nemi wata jaridar da za ki tsara wa. Ki bar dattawa su kashe wutarsu.”

Ya kashe wayar. Ba mugu ba ne Mansur, shi ya ɗauke ta aiki lokacin da kowa ke cewa wannan ba aikin mace ba ne, kuma maganarsa ba ƙarya ba ce. Abin da ya sa ta yi mata ciwo ke nan.

Ta zauna tana kallon shagon. Jarida ɗaya ce a duk yankin mai bukatar irin aikinta, in ta tafi sai katin biki da kalandar 'yan siyasa. Tsoro ya kama ta sosai, har ta fara lallashin kanta: wataƙila dattawa su kashe maganar, wataƙila ba wanda zai saurari Alhassan. Sai Bilkisu ta dawo daga sayen kifi, kwandonta babu komai.

“Ba a saida kihi yau,” in ji ta. “Kowa na gindin gawon bakin tafki. Alhassan na riƙe da takardar nan sama kamar tuta. Sarki na zaune bai ce uffan ba.”

Zuwaira ta tashi. A jikin bango akwai madubin da masu zuwa hoton katin ɗan ƙasa ke duba fuska, ta sauke shi ta naɗe a gyale. Ta tura asalin hoton cikin salularta, ta ɗauki jarida ɗaya, ta rufe shago.

Hanyar tafki ta bi ta cikin garake, salad da tumatir kore shar, masu ban ruwa na ɗago kai suna kallonta. Tana tafe tana tunanin abu ɗaya da ya fi Alhassan ba ta tsoro. Ita 'yar fari ce. Tun da aka haife ta mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa yi mata magana kai tsaye a gaban mutane ba, in zai aike ta sai ya ce wa bango a gaya wa yarinyar nan. Kunyar ɗan fari ce, ba ƙi ba, ta san haka, don shi ya sayar da kwale-kwalensa ɗaya ya tura ta Yamai. Yau kuma za ta tsaya a gabansa cikin maza ta ɗaga murya.

Gindin gawon ya cika. Kwale-kwale na jere a gaɓa, koma da taru a ciki, ba wanda ya kwance igiya. Malam Sa'idu na zaune a kan buzu, sabon rawani fari, amawali ya rufe masa fuska har karan hanci, idanu kaɗai ake gani. Mashin na kwance a gabansa. Malam Zakari na gefensa, yana jujjuya kai wajen duk inda murya ta fito, don idanunsa sun daɗe da yin hazo.

Alhassan na tsaye a tsakiya. “Ni ban zagi Baba Sa'idu ba, ubana ne. Amma ruwa ba ya san uba ba. An ce shaidu sun ga dama. Su wa ne shaidun? Mutanenshi. Baba Zakari kuwa, Allah ya ƙara mashi lahiya, ko ni nan bai gani na. Ga hoto, hoto bai da dangi. Wa zai sa ɗanshi cikin jirgi ya bi wanga hannu?”

Aka yi gunaguni. Waɗanda suka zaɓi Malam Sa'idu ma sun sunkuyar da kai, kowa na satar kallon takardar da ke hannun na kusa da shi.

Zuwaira ta yi sallama. Ta durƙusa daga nesa kaɗan, ta gaida dattawa, sannan ta ce, “Yaya Alhassan, hoton nan ni na tsara shi. Da dama Baba ya amsa. Ni na juya shi cikin na'ura, don ya yi kyau a shahi. Laihina ne, ba nashi ba.”

Ba ta kalli mahaifinta ba, amma ta ji idanunsa a kanta.

“Kika juya shi,” in ji Alhassan a hankali. “Ana juya mutum?”

Ta fito da salula, ta buɗe asalin hoton ta miƙa da hannu biyu. Aka zagaya da ita hannu zuwa hannu, rana na haska gilashin, tsofaffi na kare shi da tafi. Wasu suka fara gyaɗa kai.

Alhassan ya duba ya mayar mata. “Jama'a kun ji da bakinta. Ta ce tana iya maida dama hagu. To wadda ta iya wancan, ba ta iya maida hagu dama? Wanga na cikin waya, ita ke da shi, ta kwana da shi. Wanga kuwa bugagge ne, ya hito tun ba a san za a yi magana ba. Kuma ɗiyarshi ce. Wanne za mu ɗauka?”

Alhassan ba wawa ba ne, a nan matsalar take. Kawunan da suka fara gyaɗawa suka tsaya.

Ta kwance gyalen, ta jingina madubin a gwiwarta, ta riƙe jaridar a gabansa. A cikin madubin rubutun ya birkice, Malam Sa'idu kuwa ya koma daidai, dama a miƙe. “Ku duba, haka na yi. Abin da madubi ke yi shi na'urar ta yi.”

Mutane suka matso suna leƙe. Alhassan ma ya leƙa, ya ɗaga hannunsa na dama a gaban madubin ya kaɗa. “Ni ma ga ni bahago. Madubi ai kowa yake juyawa, ƙanwata. Wanga ba shaida ba ce, kwalliya ce.”

Aka yi dariya, dariyar da ta fi zagi zafi. Wani daga baya ya ce rana na yi, in ba za a shiga ba a sallami mutane. Wasu matasa biyu suka fara sauke tarunsu daga cikin jirgi. Zuwaira ta ji hawaye na tahowa. Ta zubar da aikinta, ta zubar da mutuncin jarida, ta tsaya gaban ubanta cikin maza, kuma duk a banza.

Ta sunkuyar da kai don kada a ga idonta, sai ga fuskar mahaifinta a takardar da ke cinyarta. Shekaranjiya ta daɗe a kan fuskar nan, ta ƙara mata haske, ta rage inuwar hula, ta bi kowane layi. A gefe aka ɗauke shi, kunci ɗaya ake gani, kuma a kuncin ga billensa, tsaga ɗaya daga gefen hanci ta gangaro. Kuncin da ke wajen mai kallo, hannun da ke wajen mai kallo. Gefe ɗaya suke.

“Yaya Alhassan,” ta ce, “bar waya, bar madubi. Takardarka da ka yarda da ita. Hannun da ya amshi mashi da billen Baba, gehe guda suke ko ba gehe guda ba?”

Ya duba. Ya ɗan jima. “Gehe guda.”

“To billen Baba a wane kunci yake?”

Nan abin mamaki ya faru. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna shiga jirgi ɗaya da Malam Sa'idu, suna cin tuwo akushi ɗaya, aka rasa mai rantsuwa. Wannan ya shafa kuncinsa ya ce dama, wancan ya ce a'a hagu, shi da yake zama gabansa kullum, wani ya ce ai in kana gabansa damarsa ce hagunka. Musu ya kaure. Mako ɗaya kacal da rufe fuska, har an manta. Ita ta sani, amma an riga an ce ɗiyarsa ce.

Sai musun ya mutu da kansa, don kowa ya gane inda maganar ta nufa. Idanu suka koma kan amawalin.

Ba ƙaramin abu ba ne. Sabon basarake ya sauke amawali a bainar jama'a, a leƙa fuskarsa kamar ragon da ake tayawa, kuma a kan maganar 'yar cikinsa, 'yar farin da ko sunanta ba ya kira. Akwai mazan da za su gwammace su ajiye rawanin. Zuwaira ta san mahaifinta na iya zama cikinsu. Ta matsa da gwiwa har gaban buzun, ta sa idonta a ƙasa.

“Baba, ka yi haƙuri. Ni na jawo.”

Iska ta kaɗa jaridun da ke hannun mutane, wani jirgi ya bugi ɗan'uwansa a gaɓa. Malam Zakari ya lalubo gwiwarsa ya dafa. “Sa'idu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Malam Sa'idu ya ɗaga hannu, ya kama bakin amawalin ya ja shi ƙasa har haɓa. Ya juya fuskarsa wajen jama'a, sannu a hankali, ya bar su suka ƙoshi da kallo. Billen na kuncin dama.

Alhassan ya dubi fuskar, ya dubi takardar, ya sake duban fuskar. Ya ninke jaridar ya sa a aljihu. Bai ba da haƙuri ba, ba a kuma nema ba. Ya juya ya daka wa matasan nan biyu tsawa su mayar da tarun cikin jirgi, wa ya ce su sauke.

Malam Sa'idu ya ɗauki mashin da dama ya miƙe. Bai mayar da amawalin ba. Zuwaira na durƙushe kusa da ƙafarsa, da ya miƙa hannu zai taɓa kanta, amma sai ya juya wajen Malam Zakari.

“Yaya, ka tambayi yarinyar nan, mi ya sa ta juya ni?”

Ta amsa wa Malam Zakari, kamar yadda aka saba. “Waje yake kallo. An koya mana mutum ya kalli cikin takarda.”

“Ka hwaɗa mata ƙohwar zaure nike kallo, ta can ruwa yake. Mako mai zuwa ta maido ni yadda Allah ya yi ni, a inda ta sa ni yau. In na kalli waje ta bar ni in kalla.”

Ya gangara bakin ruwa. Aka fara kwance igiyoyi, jirgi na bin jirgi, na Alhassan a ƙarshe amma yana ciki.

Ta zauna a wurin, madubi a gefe, gaɓa ta yi fayau sai ita da tsohon. Mako mai zuwa, in ji Baba, shi bai san ba ta da shafin da za ta mayar da shi a kai ba. Salularta ta fara ruri, sunan Mansur a jiki, labari ya riga ya kai Maraɗi. Ta goge fuska da gyale, ta ɗauka, kuma kafin ya ce komai ta ce, “Darakta, ko korata za ka yi, ka bari sai na tsara shahin hwarko na mako mai zuwa. Akwai hoton da zan maida.”